Ƙazantar da kika bar min a bakin taga

Dokkum, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga 'yata Renske,

Mahaifiyarki ce ke gaishe ki, gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga ɗiyarta ba. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki Tine da mijinta, da duk wanda kuke kwana kuke tashi tare a can ƙarshen duniya. Allah ya ƙara miki haƙuri da marasa lafiyan da kike jinya, ya tsare ki a hanya, ya dawo min da ke da ƙafafunki. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana kowa shanya tun farkon wata. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. Innarki Griet ta fito daga asibiti, an sa mata sabon ƙugu, tana ta yi wa mutane fariya da shi kamar ita ta ƙera abinta. Na je kabarin babanku na share ganyen da ya zuba, na dasa masa furen da ke jure sanyi.

Kin san ba na iya magana a wayar nan mai hoto. Da na buɗe baki sai ki ce Mama ɗaga wayar, hancinki kawai nake gani, kafin in gyara maganar ta gudu. To yau biro na ɗauka, kuma sai kin karanta har ƙarshe, don abin da na haɗiye tun tafiyarki ya ishe ni. Maganar hawainiyarki ce. Ba zan kira ta da sunan da kika raɗa mata ba, ni Gimbiya nake ce mata, kuma ba don yabo ba.

Ranar da kika dire min kejin nan a bakin taga, da bakinki kika ce wai ba ta haushi, ba ta zubar da gashi, ba a fita da ita yawo, 'yan gyare kawai za a jefa mata da safe. Kin faɗe shi kamar gyaren nan biskit ne a gwangwani. Renske, da ransu suke zuwa! Ɗan aiken gidan waya yakan riƙo kwalin nesa da jikinsa, suna ta tsuwwa a ciki, ya danna ƙararrawa da gwiwar hannu, har ran nan yake tambayata wai ko makaɗa na fara haya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina kashe duk wani mai ƙafa shida da ya leƙo gidan nan, yau ni ce ake kawo wa su har ƙofa, maƙwabta suna kallo ta taga. Ita kuma ba ki gaya min yadda take ci ba. Ido ɗaya a kaina, ɗaya a kan gyaren, sai ta wurgo wani harshe mai yauƙi da ya fi ta tsawo, ta janyo shi, ta tsaya tana tauna a hankali, ƙafafunsa a waje suna harbawa. Ina jin ƙarar ƙurus-ƙurus har kicin. Ranar farko sai da na fita lambu na sha iska.

Amma da ƙyanƙyami ne kawai da ban ɓata takarda ba. Kin san abin da yayanki Douwe ya sa a gaba tun rasuwar babanku: in bar gidan nan in koma gidan tsofaffi a Leeuwarden, kusa da shi. Duk Lahadi bayan coci sai su zo shan kofi shi da matarsa Marga, ya tashi wai zai ɗauko madara, ya buɗe firji ya daɗe yana leƙe-leƙe, ya dawo fuska a murtuke yana cewa cuku da burodi ba abinci ba ne, dubi yadda rigata ta yi min yawa. Lahadin farko bayan tafiyarki ya tsaya a gaban kejin, hannu a aljihu, ya ce wanda ba ya ciyar da kansa ina zai ciyar da ƙadangare, kafin Kirsimeti za a binne shi a lambu. Na ce ba ƙadangare ba ce, kuma ba a taɓa kawo rai gidan nan ya mutu da yunwa ba. Ya ce to idan ta mutu fa, Mama za ta yarda a daina yaudarar juna? Haushi ya ɗebe ni, na ce idan ta mutu a hannuna ya turo motar kwashe kaya, ni da kaina zan naɗe labule. Marga tana zaune ta ce ita shaida ce. Kin ji yadda gidan da babanku ya shimfiɗa wa daɓe da hannunsa ya koma rataye a wuyan wannan mummunar halitta.

Da farko komai ya tafi daidai. Gyaren na kai su rumfar keke, don ba za su kwana a kicin ɗina ba. Kin ce a riƙa jefa musu ɓawon karas da ganye, amma wanda ba ya girki ina zai sami ɓawo, kuma ni ban ga hankali a saya wa abinci abinci ba, tunda cinye su za a yi. Farar hodar da kika ce a barbaɗa musu kuwa ɓata gilashi take yi, na jefa ta a durowa. Gimbiya ta yi ta ci, sannan ta fara rage hannu, sannan rana ɗaya ta dubi gyare ta kau da kai. Ke kin san dokar gidan nan: abin da aka sa a faranti shi za a ci, wanda ya ƙi, gobe ya same shi yana jiransa. Da ita na raine ku, kuma Douwe da ya yi ta kuka a kan wake ga shi nan ƙato. Sai na ce mu zuba, ni da ita. Kullum gyaren jiya, kullum ta yi kememe.

Ita ta yi nasara a kaina. Koren jikinta ya dushe ya koma kalar gindin tukunya, idanun nan suka faɗa, da rana tsaka sai ta rufe su. Sau ɗaya na ga ta gwada harbi, harshen ya fito rabi ya faɗi, ta daɗe kafin ta mayar da shi. Wata safiya na sauko na tarar da ita a ƙasan keji, tana kai hannu ga reshe yana suɓuce mata. Renske, na tsorata. Ba zan yi miki ƙarya in ce son ta ne ya kama ni ba. Ɗakin nan na Leeuwarden na gani, da tagarsa mai kallon wurin ajiye motoci, da wata yarinya tana tambayata da ƙarfi ko na sha maganina. Na sa ta a kwalin takalmi da kwalbar ruwan ɗumi, na buga wa maƙwabcinmu Jelle ƙofa, ya bar kofinsa ya kai ni wurin likitar dabbobi.

Likitar yarinya ce sa'arki, da zobe a hanci da zanen maciji a hannu, amma ta san aikinta. Ta taɓa ƙafafun, ta buɗe bakin, ta ce ƙasusuwan sun fara laushi, don halitta mai tasowa ba ta rayuwa a kan abu ɗaya, kuma su waɗannan idan abinci ya gundure su sai su rufe baki ko da za su mutu. Ta tambaye ni me gyaren suke ci. Na ce kwalin ƙwan da suka zo a ciki. Ta ce to kwalin ƙwai nake ba hawainiya kenan, domin abin da ke cikin gyare shi ne abincin, gyaren kansa mazubi ne kawai. Ta ce ba wani abin wahala ba ne, in riƙa ba su daga abin da nake dafawa, me ke kicin ɗina yanzu? Na ce burodi da cuku. Ta ce sai me? Na ce sai kofi. Sai ta dube ni daga wuya zuwa wuyan hannu, irin kallon da ta yi wa ta cikin kwalin. Da ba don Gimbiya tana hannunta ba da na gaya mata magana.

A mota Jelle ya yi ta dariya har yana dukan sitiyari. Wai ko tantabarunsa hatsi kala-kala yake haɗa musu, amma maƙwabciya ta ɗauka hawainiya ma 'yar cocinmu ce, za ta ci abu ɗaya har ta mutu ta ce ta gode. Na ce ya dubi hanya. Da yamma sai ga shi da gwangwanin tsutsar kamun kifi. Kin tuna yadda na hana babanku shigo da ita gidan nan, har sai a firjin Jelle yake ɓoye ta? Ya miƙo min yana cewa yau dai tsutsar babanku Harm ta dawo gidan ubanta, da yana raye da ya sa an buga ƙararrawar coci. Na karɓa da tsumma, ban ce ya shigo ba.

Yanzu bari ki ji abin da ke gidan mahaifiyarki. Akwai ƙananan fara masu tofar da wani baƙin ruwa a yatsa. Akwai kyankyasai, e, kyankyasai, waɗanda likita ta ce ba sa hawa bango ba sa haihuwa a sanyinmu, sai da na sa ta maimaita tana kallon idona. Akwai tsutsar siliki mai laushi da sanyi, in kin taɓa ta sai tsigar jikinki ta tashi. Akwai wata farar tsutsa mai kitse da aka ce alewa ce, sai jefi-jefi, in ba haka ba ta kwaɗaitu ta ƙi sauran. Tsutsar Jelle kuwa a firji take don kada ta ƙyanƙyashe, kullum in ɗebi kaɗan in sa a kwalba a bakin taga, su zama ƙudaje. Ni Aukje, ina kiwon ƙuda da gangan! Kuma ba a ba ta wanda ya fi tazarar idanunta girma, don haka sai in sa tabarau in sunkuya ina zaɓen kyankyaso da hantsakin cire gashin gira. Kafin a ba ta sai a zuba su a leda da farar hodar nan, ashe ta ƙarfafa ƙashi ce, a girgiza, su fito fari fat kamar fanken sabuwar shekara da aka barbaɗa wa sukari. Bana ba na jin zan iya cin fanke. Rumfar keke ta yi musu sanyi, saboda haka duk suna ƙarƙashin matakala, kuma wani gyare ya tsere ya shige bayan firji, ranar da fasto ya zo ziyara shi ya amsa masa addu'a.

To su ma sai sun ci. Na ɗauki jaka na je kasuwar Laraba, na sayo karas da kabeji da tuffa da tattasai da kabewa, har mai kayan miya yana tambayata ko baƙi na yi. Na ce e, baƙin da ba sa tafiya. Amma ba a sayar da kabewa yanka ɗaya, kabeji ma sai dami, su kuwa waɗannan ƙazaman ɗan abin da ya kai farce ya ishe su. Sauran ya zauna a kan kanta yana yaushi yana kallona. Kin san ni da zubar da abinci, gara a zare min haƙori. Sai na sauko da babbar tukunya, wadda rabona da ita tun ranar jana'iza. Na dafa dankali da kabeji na kirɓa su tare, sai na ga ba ya tafiya ba kyafaffen nama, na koma wurin mahauci. Ya yi wa mutum ɗaya yawa, na kai wa Jelle faranti, ya dawo da farantin ya ja kujera ya zauna. Washegari miyar kabewa, jibi tuffa da dankali. Kada ki ɗauka yunwa nake ji, asara ce kawai ba na so.

Gimbiya kuwa ina ɗiga mata maganin likita a baki, ina fesa wa ganye ruwa tana lasa, wani lokaci ta karɓi tsutsa ɗaya idan na kai mata har leɓe. Ta koma kan reshe, kalar ta fara dawowa. Amma likita ta ce kada in saki jiki sai ranar da ta harba harshe da kanta ta kamo, ita kuwa ko alama. Ana cikin haka Douwe ya bugo waya, wai ɗaki ya samu, kin dai san yadda ɗaki yake samuwa a irin wurin nan, sai wani ya rasu, kuma suna son amsa farkon mako. Ya ce ya ga halin da ƙadangaren yake ciki zuwansa na baya, kada Mama ta wahalar da kanta, alkawari alkawari ne.

Ranar Lahadi an ɗan sami rana, sai na fito da ita na ɗora ta a kan itacen da ke tukunya a bakin taga, ta shige cikin ganye ta yi shiru. Suka zo, Marga ta zauna a kujerar taga da rigar cocinta mai farar kwala, ba ta ma lura ba. Na zuba kofi, na ba kowa biskit ɗinsa na rufe gwangwani. Douwe ya tashi neman madararsa. Na ji ya buɗe firji, shiru ya yi tsawo, har na fara murmushi, don na san abin da ya gani. Sai na ji ya ƙwala ihu. Ashe burodi ya so shafawa, ya buɗe robar man shanu, kuma kin san ba na zubar da roba mai murfi. Ya shigo falo da ita a hannu, tsutsa tana ta motsi, fuskarsa ja wur, yana cewa Marga dubi, ga abin da yake faɗa, Mama ta bar abinci har ya yi tsutsa ba ta sani ba, yau ba gobe ba za a haɗa kaya. Marga ta toshe baki da hankici tana kakarin amai. Na ce kai dalla rufe min abincin mutane, na Gimbiya ne. Ya dubi keji ya ga wayam, sai muryarsa ta sauka, ya ce Mama, ta mutu ko, shi ne kike ɓoye min?

Na yunƙura in nuna masa ita, hannuna ya bugi kwalbar ƙudaje, murfin ya goce. Wani ƙaton ƙuda ya fito ya zaga fitila, ya zo ya sauka a kan farar kwalar Marga. Ni kaɗai na ga ganye ya motsa. Idanun nan biyu da ba su taɓa yarda da juna ba suka haɗu wuri ɗaya, bakin ya buɗe, sai ji kake ɗas, harshe ya wuce ta gefen kunnen Marga ya manne a kwalarta ya koma da ƙudan. Marga ta yi tsalle ta zubar da kofi a kan darduma, tana ihu wai wani abu mai danshi ya lashe ta. Ita kuwa Gimbiya ko a jikinta, tana tauna, fiffike ɗaya a waje. Ban taɓa ganin abin ƙyama irin wannan ba, kuma ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Na buɗe kwalbar na saki na biyu da gangan, shi ma ta ɗauke shi a kan gilashi.

Marga ta tafi mota ta kulle kanta. Douwe ya tsaya da robar tsutsa a hannu kamar an dasa shi, can sai ya ɗaga hanci ya ce me ke kan wuta? Na ce ragowar abincin kyankyasai ne, in yana so. Ya zauna a kujerar babanku ya ci faranti biyu, ni ma na ci nawa yana satar kallona. Da ya gama ya ce rabonsa da jin wannan ƙamshin a gidan nan tun Baba yana raye, sai ya yi ta goge tabarau. A bakin ƙofa ya ce zai buga musu su ba wani ɗakin, a yanzu dai. Na ce wannan yanzu da ya ce za ta yi tsawo, ya gaishe min da Marga. Tabon kofin bai fita daga dardumar ba har yau.

Saura ke. Ranar Laraba na haɗu da ƙawarki Lieke a kasuwa, mai gida cike da macizai. Ta ga jakata ta yi dariya, ta ce ita fa har roƙonki ta yi ki bar mata hawainiyar, kika ƙi, kika ce akwai wadda ta fi ta bukata. Na tsaya riƙe da kabeji a tsakiyar kasuwa kamar wawuya. Ashe ke ma kin buɗe firjin nan, ba ki dai yi surutu irin na yayanki ba. Kada ki jira godiya. Ƙarƙashin matakalata wari yake yi, ina wanke hannu har fata ta tsage, kuma har gobe idan ta fara tauna sai na kau da kai. Sai dai yanzu da safe a zaune nake karyawa, a teburin taga, ita da fararta ni da ƙwaina, ido ɗaya a kan abinci ɗaya a wani wuri, yadda babanku yake yi da jarida. Jiya na ji kaina ina gaya mata farashin tattasai. Saboda haka idan kin dawo ki nemi wata, wannan ba ta fita daga gidan nan, ni ma haka.

Ki gaishe min da gwaggonki Tine da kyau, ki ce mata ina ganin hotunan lambunta, kuma ta rubuto min yadda suke sarrafa kabewa a can, don rabinta ya rage min kuma miya ta fara gundurata. Ki gaida mijinta Sjoerd, Allah ya ba shi sauƙin bayansa. Innarki Griet da sabon ƙugunta suna gaishe ki, Douwe ma haka. Jelle ya ce in gaya miki kin iya zaɓen ƙugiya, tunda kifin da kika kama uwarki ce. Marga ba ta aiko da gaisuwa ba tukuna. Ki riƙa cin abinci, kuma ba abu ɗaya kullum ba.

Mahaifiyarki mai kiwon kyankyaso,
Aukje